Dutsen Kawu da ƙarafan da na ƙera masa

Ni mai walda ne a Maradi. Ƙofofi da tagogi da amalanken shanu su ne abincina, kuma garinmu ba garin ruwa ba ne, Gulbin ma rabin shekara yashi ne zalla. Abin da ya haɗa ni da ankar jirgi, wato ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa ya tsayar da jirgi wuri ɗaya, Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tsufa yana su a tafkin Madarunfa, kilomita 20 da ɗoriya kudu da gari.

Inda ruwa ba zurfi, masunta gora suke kafawa cikin laka su ɗaure kwalekwale, shi ke nan. Amma idan tafki ya cika a ƙarshen damina akwai wuraren da gora ba ta taɓa ƙasa, a nan sai dutse da igiya. Bara Kawu yana tsakiyar ruwa da jikansa ɗan shekara 12, suna duba mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa ta kamun kifi, hadari ya taso daga gabas. Kun san iskar da ke riga ruwa isowa. Ta ɗauki jirgin da dutsen gaba ɗaya tana ja, dutsen na sulɓi a kan laka kamar ba a ɗaura komai ba, har ta jibge su cikin ciyawa can yamma. Mamarin ya cukurkuɗe, rabin ƙugiyoyin suka tafi. Allah ya tsare, ba wanda ya faɗa ruwa. Da aka ba ni labari, yaron nan ne ya tsaya mini a rai, don da hannuna na kai ragon sunansa.

Bayan kwana uku Kawu ya zo shago ya zauna a kan benci. Ya ce, "Ɗan nan, ka samo mini ƙarhe mai nauyi, wanda ya hi dutsen nan."

Na ce, "To Kawu, anka kuke so ke nan."

Ya dube ni ya ce, "Anka yi mi?"

A bakinmu na nan "anka" ita ce "aka", kamar a ce "aka yi me?", shi ya sa har yau shi "ƙarhen jirgi" yake ce mata.

Da farko ni ma nauyi na sa a gaba. Sai na zauna da waya dare biyu ina karatu ina kallon yadda ake gwada su a ƙarƙashin ruwa, na gane inda muka yi kuskure ni da shi. Ruwa yana rage wa abu nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Dutse mai kilo 20 a tudu, idan ya nutse bai fi kilo 13 ba. Bulon siminti ya fi haka asara. Ƙarfe kashi ɗaya cikin takwas kawai yake rasawa, amma ko shi, idan dunƙule ne marar baki, zai yi sulɓi a laka. Ita kuma iska, idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfin turinta ninkawa huɗu yake yi. Ba dutsen da tsoho zai iya ɗagawa da zai yi gasa da wannan. Anka ta gaskiya ƙasa take cizo, sai ƙasar ta riƙe jirgin.

Kuma aikin nata kashi biyu ne, wanda mutane ke haɗewa. Akwai kamawa, wato tsawon jan da take yi kafin bakinta ya shiga ƙasa. Akwai riƙewa, wato yawan ƙarfin da za ta jure bayan ta shiga. Wata tana saurin kamawa amma riƙonta kaɗan ne, wata kuma sai ta wahalar da kai kafin ta shiga, idan ta shiga kuwa sai an yi da gaske.

Na ƙera guda uku daga tsofaffin ƙarafa. Ta farko mai ƙugiya huɗu ce, da rodi na lanƙwasa ta, irin wadda kowane maƙeri zai fara tunani. Ta biyu na kwaikwayi ta Richard Danforth, Ba'amurken da ya fito da ita dab da yaƙin duniya na biyu, har jiragen sauke sojoji a gaɓa suka yi amfani da ita wajen janye kansu daga yashi. Kunnuwa biyu ne masu faɗi da tsini, suna lilo a kan sanda guda da ke kwance a gindi. Ta uku mai kamar garma ce, irin wadda ake kira CQR, da masanin lissafi da kimiyya na Ingila Geoffrey Taylor ya ƙirƙira a 1933. Wannan ban sha wuyar fahimtarta ba, don shekara nawa ina gyaran garmar shanu.

Ranar wata Lahadi na ɗaura su a bayan babur na nufi Madarunfa. Muka zaɓi wuri mai laka da ruwa iya ƙirji, muna jefa kowace, muna ja daga gaɓa da igiya doguwa. Dutsen Kawu, jikan nan shi kaɗai ya jawo shi har tudu, Kawu na kallo bai ce uffan ba. Mai ƙugiya huɗu ta ba ni kunya: rodin siriri ne, yana tsaga laka kamar yatsa cikin kunu. Sai da muka kai ta inda akwai saiwoyi da kututture a ƙasa ta maƙale, maƙalewar da sai da wani saurayi ya nutsa ya ciro ta. Dabarar irinta, a ɗaure igiya a gindinta, a kamo igiyar a kai da zare mai rauni, idan ta maƙale a fizga zaren ya tsinke ta fito ta baya.

Mai garma ta kwanta a gefe ɗaya ta biyo mu taku biyar ko shida kafin bakinta ya juya ya shiga. Da ta shiga ta riƙe, amma da muka haɗu mu uku sai ta fara abin da aka san garma da shi, tana tsaga laka tana tahowa a hankali.

Mai kunnuwa biyu ita ce mafi sauƙi a hannu, ba ta kai rabin nauyin dutsen ba. Na jefa ta, na ja taku ɗaya, na ji igiya ta miƙe ta yi tauri a tafina. Mu uku muka ja, muka ƙara na huɗu, ƙafafunmu ne ke zamewa. Duk jan da muka yi ƙara nutsa ta yake. Da muka je da jirgi muka tsaya daidai kanta, Kawu ya ɗago igiya tsaye, ta fito ba gardama, kunnuwan ɗauke da baƙar laka mai wari, kusan cikin kwano. Ya sa babban yatsa ya kankare lakar, ya daɗe yana jujjuya ƙarfen.

Amma tana da aibi, kuma na gan shi da idona a ranar. Da muka zagaya muka ja ta baya, kamar yadda iska ke juyawa bayan hadari ya wuce, ta tumɓuke, laka da ciyawa sun toshe tsakanin kunnuwan, ta biyo mu ba ta sake cizo ba. A kan ciyawa mai kauri ma tsalle take yi. Wannan matsalar ce masu ƙira suka daɗe suna kokawa da ita. Peter Bruce ya fito da mai kamar dagi a shekarun 1970, tana saurin kamawa tana bin juyin iska, sai dai riƙonta bai kai ba idan aka duba nauyinta. Na baya-bayan nan, irin Spade ta Bafaranshe Alain Poiraud da Rocna ta Peter Smith na ƙasar Niyu Zilan, sun juya bakin ya zama kamar shebur, yana tara ƙasa maimakon ya tsaga ta. Spade dalma aka zuba mata a tsini don ta faɗi a kan baki, Rocna kuma lanƙwasasshen ƙarfe kamar bakan harbi aka yi mata a baya da ke mirgina ta ta daidaita. A ganina mai shebur ɗin ce ta dace da tafkinmu, kuma ita nake shirin gwadawa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne igiya, don gyaransa bai kai kuɗin buhun gawayi ba. A ruwa mai zurfin mita 3, Kawu igiyar mita 5 yake saki. Ma'aikatan jirgi suna sakin ninki 5 zuwa 7 na zurfin, wato mita 15 zuwa 21. Duk manomi ya san dalili: garma idan ana jan ta a kwance shiga ƙasa take, idan aka ɗaga ta sama fita take. Na gwada masa da mai kunnuwa biyun a gajeriyar igiya, ta fito kamar an cire ƙaya. Na ƙara mata sarƙa mita biyu a gaba don jan ya ƙara kwanciya, igiyar kuma ta daina cin ƙasa.

Mai kunnuwa biyun ya ɗauka. Na roƙe shi, idan iska ta juya ya ɗago ta ya wanke ya sake jefawa, kada ya yarda da ita ido rufe. Dutsen ma bai yar ba, yana nan a gaban jirgi, ya ce na tsayuwar minti biyar ne.

Makon jiya ya aiko jikan da saƙo cewa tsinin kunnuwan ya yaga masa taru sau biyu a cikin jirgi. Na yanko tsohon tub na mota na ɗinka mata kube, na ba yaron, na sa shi ya maimaita mini tsawon igiyar da za su saki a ruwa mai zurfin mita 4 kafin na biya masa kuɗin mota.