Daren da aka mayar da ja kore

Ƙarshen watan nan zan miƙa makulli da kwamfutar aiki. Waɗanda muka zauna ɗaki ɗaya sun san dalili, sauran sun ji rabi a bakin mutane, don haka gara in faɗi nawa, ko wanda zai gaji kujerar ya amfana.

Kun san yadda abin ya faro. Najeriya ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na OGP a 2016, sai shirin SFTAS na Bankin Duniya ya zo a 2018 ya ɗaura tallafin kuɗi a kan wallafa kasafi da jin ta bakin jama'a. Daga nan kowa ya so a ce yana da manhaja. Mu ma a nan jihar Sakkwato muka gina tamu: mutum ya turo koke ko shawara ta tes ko WhatsApp, a ba shi lamba, mu miƙa ga masu abin. A allonmu, koken da ba a taɓa ba ja ne, wanda aka gama kore.

Mutane kuwa sun turo, fiye da zatonmu. Yawanci da murya suke aikowa, cikin Sakkwatanci tsantsa, kana jin kukan awaki a bayansu. Wani malami daga wajen Wurno da ajami yake rubuta nasa a takarda, ya sa ɗansa ya ɗauki hoto. Akwai mai biyan kuɗin caji a shago, ya hau tudu neman sabis, don kawai ya ce rufin ajin garinsu ya yaye. Har yau idan na tuna mu ne muka buɗe wannan ƙofa, ina jin daɗi.

Ana gab da zuwan masu ba da tallafi duba aiki, maigida ya kira ni. Allon ya yi jajir, bai so su gani ba. Ya ce in mayar da su kore. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi ayyukan ba." Ya ce, "Kai yaro ne. Mun tura wa masu abin, namu ya ƙare." Na ce to a ƙara launi na uku, mai nuna an tura ana jira. Ya ce baƙi ba ruwansu da launi na uku. Na ba shi haƙuri na fita. Da dare aka shiga da lambar sirrinsa aka rufe su kaf.

Abin da bai taɓa tambaya ba, domin bai taɓa zama an nuna masa yadda manhajar ke aiki ba, shi ne duk koken da ya koma kore, mai shi na samun tes nan take: an warware matsalarka, mun gode. Washegari waya ta hana ni zama. Wani dattijo daga yankin Gwadabawa, wanda ya daɗe yana bibiyar famfon tuƙa-tuƙan unguwarsu, ya ce mini, "Ɗana, ga ni tsaye bakin famfon. Matanmu na can rafi. Mi munka yi muku?" Ban iya ba shi amsa ba.

Da maganar ta fito a shirin kiran waya na rediyo, maigida ya ce kuskuren yaron kwamfuta ne. Aka ba ni takardar tuhuma. Na buga tarihin shiga manhajar, mai nuna wanda ya shiga da ƙarfe nawa, na kai wa kwamiti. Shi ke shugabantar kwamitin. Haka aka shafa mini kashin kaji a gaban mutanen da na koya wa aikin, ba wanda ya ce uffan.

Abin da ya fi takardar ƙona mini rai ya biyo baya. Can baya, a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga, saƙo ya ɗauke daga Isa da Sabon Birni da Goronyo. Da sabis ya dawo, mutane suka dawo. Bayan tes ɗin ƙarya kuwa, ga sabis garau, amma layi ya yi tsit. Mutumin da bai taɓa kai kuka ba yana iya kaiwa gobe. Wanda aka ce wa an share masa hawaye alhali ba a yi ba, ya gama da kai, zai kuma faɗa wa duk wanda suka haɗa sahu a masallaci.

Saboda haka, magajina, kada koke ya koma kore sai mai shi ya ce ya gani da idonsa. Na rubuta wannan shawara tun farko, aka ce za ta ɓata alƙaluma. Dubi masu Tracka, shirin bibiyar ayyukan gwamnati na ƙungiyar BudgIT, ƙarfinsu na ga mutanen da ke takawa su ga aiki a fili. Dubi Follow The Money, masu bin diddigin kuɗin gwamnati: a 2012 suka tasa batun gubar dalma ta Bagega a Zamfara a gaba, ba su saki ba har gwamnatin tarayya ta fitar da kuɗin tsaftace garin a 2013. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Tamu manhajar ba ta ɗora wa kowa wa'adi ba, shi ya sa koke ke kwana wata da watanni.

Sauran ba su da tsawo. Saƙon murya ya fi fom. Mata sun fi magana idan mace ce ta ɗaga waya. Kada ka shiga gari ba ka gaida hakimi ba. Duk umarnin da aka ba ka da baki, ka nemi a rubuta.

Jerin koken da aka rufe a daren yana cikin abin da zan miƙa, a buɗe su a sake bi. Takardar tuhumar kuma tana nan cikin fayil ɗina. An ce in rubuta ban haƙuri a cire ta, na ce a bar ta.