Tambayar rauni a intabiyu: abin da na gani daga ɓangarori biyu na teburin

Na zauna a kujerar mai neman aiki, daga baya kuma na zauna cikin kwamitin da ke yi wa mutane intabiyu. A duka wuraren biyu, tambayar da na ga ta fi sa mutum sosa ƙeya ita ce "Faɗa mana inda kake da rauni." Wanda ya yi minti ashirin yana zuba bayani tiryan-tiryan, da an jefo masa ita sai ya koma inda-inda.

Sai da na riƙe takardar ba da maki na gane dalilin tambayar. A takardun da na yi aiki da su, babu gurbin da aka rubuta "rauni". Abin da ke wurin shi ne sanin kai da karɓar gyara, maki 1 zuwa 5. Kowa a kwamitin ya san ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Abin da ake son ji shi ne ko ka san ina ɗayan ya ɓace, kuma me kake yi a kai.

Amsar da ta fi yawa, wadda ni ma na taɓa bayarwa, ita ce yabon kai a cikin rigar ƙorafi: "Matsalata ita ce ina son komai ya fita daidai," ko "Aiki ya yi min yawa a rai, ba na iya hutawa." Mai amsar yana ganin ya yi dabara. Kwamitin kuwa ya ji wannan magana sau biyar kafin a tashi hutun rana. Wani bincike da aka yi a makarantar kasuwanci ta Harvard a 2015 ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na ɗaliban da aka tambaya rauninsu irin wannan amsa suka rubuta, kuma masu tantancewa sun fi karkata ga ɗaukar waɗanda suka faɗi gaskiya. Abin da ke kashe amsar shi ne tambayar da ke biyo baya: "To ba mu misalin lokacin da hakan ya jawo asara." Nan take ake ganin babu komai a ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a gaban mutum uku masu biro a hannu.

Wanda ya ce "Gaskiya ba ni da wani rauni" kuwa, maki 1 yake samu, ba a ma tsayawa muhawara a kansa.

Akwai kuma masu zarce gona da iri wajen gaskiya, kuma su na fi tausayawa. Mai neman aikin akawu ya ce yakan yi kuskure a lissafi idan ya gaji. Mai neman aikin karɓar baƙi ta ce tana da saurin fushi. Gaskiya suka faɗa, amma sun soki zuciyar aikin da suke nema, kuma babu kwamitin da zai iya kare ɗaukarsu a gaban shugabansa.

Saboda haka zaɓen raunin shi ne rabin aikin, kuma a gida ake yin sa da sanarwar aikin a gabanka. Ja layi a ƙarƙashin abubuwa uku ko huɗu da aka ce dole ne mai nema ya iya. Waɗannan ba a taɓa su. Sai ka rubuta raunika guda biyar na gaske. Idan ka rasa, duba takardar kimanta aikinka ta ƙarshen shekara, ko ka tuna gyaran da shugabanka ko malaminka ya yi maka fiye da sau ɗaya. Soke duk wanda ya faɗa kan layukan da ka ja. Soke duk wanda ya shafi amana: makara, ƙarya, rigima da abokan aiki, sakaci da kuɗi. Ana iya koya wa mutum manhaja cikin wata biyu, amma ba mai ɗaukar ma'aikaci da niyyar koya masa zuwa aiki a kan lokaci. Yawanci biyu ne za su rage, irin su jin nauyin magana a taro, kasa ce wa mutane a'a har aiki ya taru, wahalar miƙa wa na ƙasa aiki, ko ƙarancin gogewa a wata manhaja da ba ita ce ginshiƙin aikin ba. Riƙe duka biyun, domin akwai masu cewa "Sai kuma wanne?"

Amsar kanta gaɓa huɗu ce: sunan raunin a jimla ɗaya, misali ɗaya da ya nuna abin da ya jawo, matakin da ka ɗauka, da inda ka tsaya yanzu. Ga wadda na gyara wa kaina bayan na sha ƙasa da waccan amsar ta yabon kai:

"Ina jinkirin neman taimako. Idan aiki ya cije, nakan yi ta fama ni kaɗai. Akwai rahoton wata da ya kamata in miƙa ranar Alhamis, ya kai Litinin, saboda wata matsala a manhajar lissafi ta Excel da abokin aikina ya warware min cikin minti goma da na tambaye shi. Tun daga nan na sa wa kaina ƙa'ida: idan na yi minti 45 a kan abu ban motsa ba, sai in rubuta abin da na gwada in kai wa wanda ya sani. Har yanzu ina jin nauyin tambayar, amma rahoto bai ƙara makara saboda haka ba."

Gaɓa ta uku ce ke kawo maki, kuma nan mutane ke yin sakaci. "Ina ƙoƙarin gyarawa" ba mataki ba ne. Mataki shi ne abin da wani zai iya gani da idonsa: ƙa'idar minti 45, kwas ɗin da ka yi rajista kuma ka kai mako na huɗu, ko karɓar gabatar da bayanin minti biyar a taron kowane mako don ka saba. Gaɓa ta huɗu kuma kada ka ce ka warke sarai. Raunin da ya riga ya wuce tarihi ne, sai a ce maka "To na yanzu fa?"

Tsawon amsar kada ya wuce daƙiƙa 60 zuwa 90. Ɗauki muryarka a waya ka saurara, sau uku ya isa. Kada ka haddace kalma bayan kalma, ana jin hadda a murya, kuma da an katse ka da tambaya sai zaren ya tsinke. Riƙe gaɓoɓin huɗu kawai. Idan ka gama, yi shiru. Wasu masu intabiyu da gangan suke barin shirun ya ɗan ja, suna rubutu ba su ɗago ba. Na ga mutumin da ya ba da amsa mai kyau, shiru na daƙiƙa biyar ya tsorata shi, ya ƙara rauni biyu da ba wanda ya tambaye shi.

Tambayar takan sauya kaya. "Me tsohon shugabanka zai ce ya kamata ka gyara?" ita ce dai, haka "Wane gyara aka taɓa yi maka da ya yi maka zafi?" Ta farkon tana da tarko, domin ana iya kiran mutumin da ka ba da sunansa a matsayin mai shaidarka. Idan ka ce rauninka jin kunyar taro, shi kuma ya ce ba ka cika wa'adi, maganarsa za a ɗauka. Kira shi tun kafin intabiyu, ka tambaye shi abin da zai faɗa idan an tambaye shi.

Rashin lafiya ko nakasa ba sa cikin wannan lissafi, kada ka kawo su a matsayin amsa. A Amurka dokar kare masu nakasa ta 1990 ta hana mai ɗaukar aiki tambayar nakasa kafin ya yi tayin aiki, a Birtaniya ma dokar daidaito ta 2010 ta taƙaita tambayar lafiya a wannan mataki. Idan kana buƙatar wani sauƙi don yin aikin, magana ce daban da ake yi da sashen kula da ma'aikata.

A takardar neman aiki kuwa ba a jera rauni, sai fom ɗin ya tambaya. Abin da kawai ya cancanci jimla ɗaya ko biyu shi ne giɓin da mai karatu zai gani da kansa, kamar shekara biyu babu aiki, ko an nemi gogewar shekara biyar kai kana da uku. Faɗe shi kai tsaye ba tare da ban-haƙuri ba, ka bi shi da abin da ka yi a tsakanin, da watanni da shekarun a rubuce yadda za su dace da abin da ke cikin takardar tarihin aikinka.