Ranar da na hana a tayar da Inna

Da asubahin wata Talata cikin hunturu Inna ta zame a bakin rariya, buta a hannunta za ta yi alwala. Daga tsaye ne kawai zuwa daɓen siminti. Da muka fito muka tarar da ita kwance tana salati a hankali. Ƙafarta ta dama ta karkace waje, kuma ta fi ta hagu gajarta. Na gani da idona, amma ban san abin da nake kallo ba. Yanzu duk wanda ya ce min tsohuwarsa ta faɗi, ƙafa ta gajarce ta juya waje, ta kasa takawa, ba na jira ya ƙarasa. Cewa nake ya ɗauka karayar ƙugu ce, ya nufi asibiti a yi hoto.

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ni ce 'yar fari, ni ce kuma mai ɗan albashi, don haka maganata aka bi. Na ce a kira mai ɗori. Ba na ɗora wa mutumin laifi, ni na aika aka ɗauko shi, kuma na san yaran da ya ɗora wa hannu suka warke. Sai dai inda Inna ta karye wuyan ƙashin cinya ne, wani siririn wuri can cikin tsoka, dab da inda kan ƙashin ke shiga gurbinsa. Babu karan ɗorin da zai kama shi ta waje. Jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini kuwa ta jikin wuyan nan suke bi, in ya karye ya goce sukan tsinke, sai kan ya rasa jini ya lalace. Likitocin ƙashi suna son a yi wa tsoho irin wannan aiki cikin awa 48, in dai jikinsa zai ɗauka. Mu kwana 9 muka yi ana murza ta da man shanu tana cije leɓe. Ƙannena, ku tambaya tun kafin ku tayar da mota ko asibitin da za ku yana da likitan ƙashi. Akwai asibitocin ƙashi na tarayya irin na Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da na Inugu, asibitocin koyarwa ma suna yin aikin.

Da muka kai ta, likita ya ɗaga hoton, ya tambaye ni yaushe ta faɗi. Na faɗa masa. Ya rubuta, bai ce min komai ba. Aka cire karyayyen kan ƙashin aka sa mata na ƙarfe.

Wancan kuskure zan iya cewa rashin sani ne. Wanda ya biyo baya an yi min bayani, ni ce na ƙi ji, kuma shi ya fi tsaya min a rai.

Washegarin tiyata wata ma'aikaciya daga sashen gashin ƙashi ta shigo da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce, "Mama, yau za mu zauna a bakin gado, in Allah ya yarda mu ɗan miƙe." Na tashi na tsaya tsakaninsu. Na ce, "Malama, jiya fa aka yanka ta. Ku ji tsoron Allah ku bar ta ta huta." Ta ce min aikin da aka yi don ta taka aka yi shi, kwanciyar ce abin tsoro. Na juya na ga Inna tana kallona, idanunta na roƙona kada in bari. Na ce a dawo gobe. Da goben ta yi na ce barci take. Kwana 4 ina tare ƙofa, a zuciyata ina ganin biyayya nake yi.

Wata nas ce ta kira ni ranar da take gyara mata shimfiɗa. Ta juya ta gefe, ta nuna min ƙasan bayanta da dunduniyarta. Fatar wurin ta canja launi, ta yi duhu tana sheƙi. Ta kama yatsana ta ɗora a kai, na ji wurin ya fi sauran jikin ɗumi. Ta ce, "Yaya, wannan farkon gyambon kwanciya ne. Ya fara tun a gida, yanzu ƙaruwa yake." A nan na zauna a kujera ƙafafuna suka mutu.

Tsoho in ya kwanta, tsokarsa zubewa take cikin 'yan kwanaki, kuma dawo da ita sai an sha wuya. Huhu ba ya buɗewa sosai, majina ta taru, namoniya ta samu ƙofa. Jini yakan daskare a jijiyar ƙwauri, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Fatar da nauyin jiki ya danne ta mutu. Likitoci na lissafa cewa cikin tsofaffi 100 da suka karye a ƙugu, tsakanin 20 da 30 ba sa cika shekara, kuma yawanci abin da ya biyo bayan karayar ne ke tafiya da su, haɗe da cututtukan da suke ɗauke da su tun da. Ni kuwa duk waɗannan nake wa gadi a bakin ƙofa.

Don haka in an zo tayar da mahaifinku ko mahaifiyarku, ku tsaya a ɓangaren masu tayarwar, ko da kuka take. Abin da za ku yi mata na tausayi shi ne ku roƙi nas a ba ta maganin zafi kamar rabin awa kafin masu gashin ƙashi su iso, ku tsaya a gabanta inda za ta riƙa ganin fuskarku. Da dare a riƙa juya ta duk awa biyu, amma ku sa a nuna muku yadda ake yi, da matashi tsakanin cinyoyi, don sabon ƙugu yana iya gocewa. Ku sa matashi ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba. Zani in ya jiƙe kada ya kwana.

Akwai kuma maganar ruwa. Kullum ina ajiye mata kofi a kan durowa, da yamma in tarar da shi yadda na bar shi. In na ce ta sha, ta ce ba ta jin ƙishi. Ban gane ba. Inna tsohuwar Bahaushiya ce, tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" take cewa, ko "yarinyar nan". Macen da take jin kunyar sunana, yaya za ta ce in kawo mata fo? Sai ta daina shan ruwa, ta rage abinci, don kada buƙata ta kama ta a gabana. Ni kuma na hana kowa ya kwana da ita a asibiti, wai ni ce babba, haƙƙina ne.

A dare na shida, wajen ƙarfe biyu, na ji an kira sunana, cikakke, da ƙarfi. Inna ce. Tana fizgar robar ƙarin ruwa, tana cewa in je in sauke tukunya za ta ƙone, tana tambayar ko Malam ya dawo daga masallaci, mutumin da ya rasu shekara 11. Da gari ya waye 'yan uwa kowa da tasa, wani ya ce iska ce, wata ta ce tsufa ne ya zo gaba ɗaya. Likita ya ce ruɗewa ce irin wadda ke faɗa wa tsofaffi bayan tiyata, kuma tana da sababi. Aka duba aka tarar ruwan jikinta ya yi ƙasa, akwai cuta a mafitsara, ga kwana biyar ba ta yi bahaya ba. Aka yi maganin waɗannan, cikin kwana uku hankalinta ya dawo. Addu'a ba mu fasa ba, kuma ba zan ce ku fasa ba. Amma in tsohonku ya kwana lafiya ya tashi bai san inda yake ba, ko ya yi shiru da yawan barcin da ba halinsa ba, a take ku gaya wa ma'aikata. Ku sa masa tabaransa, ku ba shi carbinsa, ku ɗaga labule da rana, ku riƙa faɗa masa yau wace rana ce.

Ranar na kira ƙanwar Inna da autarmu, muka raba kwana. Daga ranar kofin ya fara ƙarewa. Ku duba a cikinku wa tsohuwar take sakin jiki da shi, ba lallai ne babba ba.

'Yan dubiya, Allah ya saka musu, lemon kwalba da biskit suke ta kawowa. Jikin da ke ɗinke rauni kuwa ƙwai yake so, da wake, da kifi, da nono, da nama mai laushi. Ku ajiye ɗan littafi ku rubuta tambayoyinku kafin zagayen likitoci na safe, don ba sa daɗewa a kan gado ɗaya. Cikin tambayoyin ku sa maganin ƙarfafa ƙashi: wanda ya karye daga faɗuwar tsaye ƙashinsa ya zaizaye, kuma yana cikin haɗarin sake karyewa.

Abin da ya fi damun Inna shi ne sallah. Sai da ƙanena ya tuna mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa, sannan ta yarda ta yi a kujera. Likita ya hana ta tsuguno, da zama a tabarma, da harɗe ƙafa, na makonni. Gidanmu kuwa masai na tsuguno ne, katifarta a ƙasa take. Ban tuna da wannan ba sai ranar da aka sallame mu, muka kwana biyu a gidan autarmu kafin kafinta ya haɗa gado, aka sayo kujerar bahaya, aka kankare gansakukar bakin rariya, aka ja fitila zuwa tsakar gida.

Gyambon bayan ya rufe da wuri. Na dunduniyar wata uku muna wanke shi. Yanzu Inna tana da shekara 78, tana takawa da sanda, tana ɗan ɗingishi, kuma duk yamma takan kai zaure ta zauna a kujerar roba ta jira 'yan Islamiyya su taso.