Cefane a Kano: lissafin buhu, kwano da ƙulli

Duk garin nan babu mai sayen abinci da tsada kamar mai sayen ƙulli. Gwangwanin shinkafa biyu da safe, ƙullin mai, sukarin ɗari biyu, dunƙulen magi huɗu. Kafin wannan ƙullin ya iso hannunsa ya bi ta hannun dila, ɗan sari, mai shagon unguwa, wani lokacin har da mai tebur a bakin layi, kuma kowannensu sai ya ɗora ribarsa, har kuɗin ledar da aka ƙulla. Ba laifinsa ba ne, mai samun yini ba ya sayen buhu. Amma akwai magidanta masu albashi da masu sana'a tsayayya da har yanzu haka suke cefane, don kawai sabo.

Yadda aka zo nan ba ɓoyayye ba ne. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, sai kuɗin mota da na taki da duk abin da ake shigowa da shi suka tashi lokaci guda. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Wannan ba a hannun maigida yake ba. Abin da ke hannunsa shi ne inda zai saya, da yaushe, da yadda zai adana.

Kafin a je kasuwa, a fara sanin cikin gidan. Uwargida ta riƙe kwano ɗaya tak na awo, ta yi mako biyu tana rubuta abin da aka ɗiba: masara nawa, shinkafa nawa, wake, mai, sukari. Gidaje da yawa ba su san wannan ba, shi ya sa buhu ke ƙarewa a yi ta zargin juna. Buhun masara cikakke ana lissafa shi kwano 40. Idan gida na cin kwano ɗaya duk kwana biyu, buhu zai kai kwana 80. A tuna kuma surfe na rage hatsi, don dusa na fita. Kada a bar dusar a wurin mai inji, masu kiwo na sayenta.

Wanda ba shi da kuɗin buhu ya nemi maƙwabta uku, a haɗa a saya, kowa ya tashi da kwano goma a farashin sari. Haka katan ɗin taliya mai leda 20, haka jarkar mai mai lita 25. Sharaɗin dai a raba a ranar da aka kawo, a gaban kowa, da kwano ɗaya. Kayan haɗaka in suka kwana a ɗakin mutum ɗaya, nan zumunci ke fara tsami.

Kowace kasuwa da abin da ta fi sauƙi a kai. Hatsi da wake da waken suya, Dawanau. Shinkafar kamfani, sukari, fulawa, taliya da man girki, Singa. Kayan miya, 'Yankaba, kuma da sassafe lokacin da ake sauke kaya. Sai dai a sa kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa da na ɗan dako a cikin lissafi. Mutumin Hotoro ko Na'ibawa da zai tafi Dawanau don kwano biyar, hanya ta cinye rangwamen tun bai isa ba. Gara ya tsaya Tarauni ko Rimi. Dawanau ta mai buhu ce.

A wurin awo ake cutar mutane fiye da wurin ciniki. Akwai kwanon da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, akwai wanda aka rage wa baki. Sai a ji farashi da sauƙi, a zo gida a tarar kwano goma sun koma tara. Maganin shi ne ka tafi da kwanonka, ko ka sake aunawa da ka dawo don ka san wanda ba za ka koma wurinsa ba. Buhu kuma kada a yarda da abin da ke bakinsa. A sa a soka ƙarfe a ɗebo daga tsakiya da gindi, don a can ake ɓoye tsakuwa, ƙaiƙayi da tsohon hatsi. A ciji ƙwayar masara: busasshiya tana fashewa ƙaras, mai danshi tana lotsewa a haƙori. Mai danshi in aka ɗaure ta a buhu sai ta yi fumfuna, kuma irin wannan fumfunar a masara da gyaɗa tana haifar da guba mai lahanta hanta, dafuwa ba ta kashe ta. Waken da aka ga fes babu ƙwaro ko ɗaya amma yana warin magani, a bar shi.

Lokacin saye shi ne kaka. Gero ke fara shigowa, sai masara wajen Satumba da Oktoba, dawa da wake su biyo baya a Nuwamba da Disamba. Kayan azumi, musamman sukari da gero da mai, a saye su tun watan Rajab. Amma fa ba kullum farashi ke hawa ba. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150, kuma a 2025 hatsi ya sauko sosai, waɗanda suka tara don jiran tsada suka tafka asara. Don haka a sayi na ci, na wata huɗu zuwa shida. Cin bashi don a tara hatsi caca ce.

Ajiyar wake ita ce mai wahala, domin ƙwaron tun daga gona yake zuwa a cikin ƙwayar. A shanya shi a rana ya bushe sarai, a bari ya huce, a zuba a jarka busasshiya wadda ba a taɓa sa fetur ko magani a ciki ba. A cika ta har wuya ana girgizawa, a sa leda a baki a murɗa murfi. Rashin iska ke kashe ƙwaron. Inda ake kuskure shi ne a bar jarkar rabi, ko a riƙa buɗewa kullum ana ɗiba. Na girkin mako a ware shi daban. Buhun PICS, wato buhun ajiyar hatsi mai leda biyu a ciki, shi ma haka yake aiki, muddin an ɗaure kowace leda ita kaɗai kuma ɓera bai huda ba. A ɗora buhu kan katako, kada ya jingina da bango. Maganin ƙwari na feshi ba shi da gurbi a abincin gida.

Tumatir na rani daga Kadawa da Kura yakan cika kasuwa daga Janairu zuwa Maris, sannan ya yi tsada daga Mayu har damina ta yi nisa. Lokacin arahar ake yin kauɗa: a yanka shi fale-fale, a baza a tabarma mai tsabta a sama da ƙasa, a rufa da yadin gidan sauro saboda ƙura da ƙuda, a juya kullum har sai ya bushe yana karyewa. Mai son na kwalba ta markaɗa tumatir zalla, ta dafa har ruwan ya ƙone, ta zuba da zafinsa a kwalba mai murfin ƙarfe da aka tafasa, da babban cokali biyu na ruwan lemon tsami a kowace lita, sannan ta nutsar da kwalaben a tafasasshen ruwa na minti 45 zuwa 50. Albasa da tattasai ba sa shiga wannan kwalbar, suna rage tsamin da ke hana ta lalacewa. Duk kwalbar da murfinta ya kumbura, a zubar, ko ɗanɗanawa kada a yi.

Sauran lissafin a murhu yake, don gas da gawayi ma cefane ne. Waken da aka jiƙa tun dare ba ya cin wuta kamar wanda aka zuba a bushe. Awara da daddawa suna toshe gurbin nama a ranakun da babu. Niƙa kuwa a yi na mako biyu kawai, a baza garin a faranti ya sha iska ya huce kafin a rufe, don garin da aka rufe da zafin inji shi ne ke dunƙulewa ya yi tsami.