Manhaja tana ƙirga ciniki, ba ta ƙirga wanda ya juya

Na daɗe ina aikin tsara odar kaya a shago, kuma abin da na lura da shi shi ne ana ɗora wa manhajar kasuwanci nauyin da ba a gina ta dominsa ba. Tun daga Excel har zuwa manyan tsare-tsare irin na SAP da Oracle, gwanintarsu tana wajen riƙe lissafi ne: abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda muke bi bashi da wanda yake bin mu. Manyan kuwa tushensu masana'antu ne, domin a shekarun 1960 aka fara amfani da kwamfuta wajen lissafa kayan haɗin da masana'anta za ta buƙata. Idan an yanke shawarar ƙera keke dubu, sanin cewa ana buƙatar taya dubu biyu ba hasashe ba ne, ninki ne kawai. A shago kuwa babu mai saye da zai sanar da kai cewa gobe yana tafe.

Babbar matsalar da na fi jin zafinta ita ce, manhaja ba ta ganin buƙata, ciniki kawai take gani, kuma waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Akwai lokacin da ƙananan batura suka ƙare mana a tsakiyar wata, sabuwar oda kuma ba ta iso ba sai bayan mako biyu. A cikin waɗannan kwanaki ina tsaye ina kallo mutane suna zuwa gaban kanta, su duba ƙugiyar da babu komai a jikinta, wasu su tambaya, mafi yawa su juya ba tare da sun ce uffan ba. A wurin manhaja, kwana goma sha huɗu ne da ba a sayar da ko ɗaya ba. Da ta zo lissafin wata mai zuwa, sai ta ɗauki matsakaicin ciniki, ta yanke hukuncin cewa kasuwar batir ta ja baya, ta ba da shawarar a rage oda. Da mun bi shawarar, da kayan sun sake ƙarewa da wuri, ita kuma ta sake ragewa, a haka har kayan da ke tafiya sosai ya koma kamar wanda ba a nema.

Ƙanwar wannan matsala ita ce kayan da ke cikin kwamfuta amma babu su a sito. An sace ɗaya, ɗaya ya fashe ba a rubuta ba, mai karɓar kuɗi ya buga lambar wani kaya a madadin wani, sai allon ya ci gaba da nuna saura uku. Tunda dokar da aka sa wa manhajar ita ce ta nemi sabuwar oda idan adadi ya sauka zuwa biyu, ba za ta taɓa nema ba, domin ba a sayar da abin da babu. Kada a ɗauka cewa ƙananan shaguna kaɗai wannan yake ci: kamfanin Target na Amurka ya shiga Kanada a 2013, ya rufe shagunansa 133 a 2015, kuma daga cikin abubuwan da suka durƙusar da shi har da kurakurai a bayanan kaya, inda kantoci suka kasance wayam alhali manyan ma'ajiyoyi suna cike.

Sai kuma kayan da ba kullum ake sayensu ba, waɗanda su ne mafi yawa a kowane shago mai haja iri-iri. Kaya yakan yi kwana tara ba a taɓa shi ba, a rana ta goma mutum ɗaya ya kwashi biyar. Matsakaici zai ce rabin guda a rana, adadin da bai taɓa faruwa ba ko sau ɗaya. Tun 1972 wani masani mai suna Croston ya fito da hanyar da ke raba tambayar gida biyu, wato yaushe za a saya, kuma nawa za a ɗauka idan an zo, amma har yau kayan hasashen da Excel ya zo da shi a 2016 ya fi dacewa da cinikin da ke gudana a kai a kai. Girman bayanai ma wani shinge ne. A gasar hasashe ta M5 da aka yi a 2020 da bayanan Walmart, kamfanin manyan shaguna na Amurka, kaya 3,049 ne kawai a shaguna goma, amma idan aka jera cinikin kowane kaya na kowace rana na sama da shekara biyar, layukan sun haura miliyan 50, alhali shafin Excel yana tsayawa ne a layi 1,048,576.

Lokacin isowar kaya ma gurbi ɗaya ake ba shi, a rubuta kwana bakwai a wuce, ko da yake mai kawo kayan yau ya zo a kwana biyar, wani jiƙon a kwana ashirin. Tsarin lissafin yawan oda da wani injiniya mai suna Ford Harris ya wallafa a 1913, wanda har yanzu yake ƙarƙashin manhajoji da dama, ya ɗauka cewa buƙata ba ta hawa ba ta sauka. Kuma adadi ɗaya da manhaja ke bayarwa ba ya faɗa maka wace asara ce ta fi ciwo, kayan da zai yi kwantai ya danne jari, ko mai sayen da zai koma wani shagon.

Ban daina amfani da manhajar ba, domin a wajen lissafi ba ni da madadinta. Abin da na ƙara shi ne gurbi guda da nake rubuta ranakun da kaya ya yanke, in cire su kafin in ɗauki matsakaici, sannan duk kayan da allo ya nuna akwai amma ya yi mako biyu bai motsa ba, sai a je sito a ƙirga shi da hannu.