Masu dashen gashi a kan kujerar askina

Shagon aski gare ni a Gwarinpa, kujera huɗu, ni da yarana. Da can in mai sanƙo ya zauna magana ɗaya ce, a kwashe duka, mu yi masa tal-kwabo ya mayar da hularsa ya kama gabansa, in ka tsokane shi ma ya ce ai sanƙo alamar arziki ne. Yanzu kam ba haka ba, musamman matasan nan ma'aikatan banki da ba kullum suke sa hula ba, sai ka nemi kwastoma ka rasa, ashe yana Istanbul wajen dashen gashi, tunda Turkish Airlines daga nan Abuja yake ɗauka kai tsaye. Tun 2011 da ɗan ƙwallon Ingila Wayne Rooney ya faɗa wa duniya ya yi dashe kunyar abin ta fara raguwa.

Aikin da aka fi yi musu FUE ne, a ciro saiwar gashi ɗaya bayan ɗaya daga ƙeya a dasa a gaba, don gashin ƙeya sinadarin DHT mai kawo sanƙon maza bai cika taɓa shi ba.

To amma inda nake ganin tashin hankali shi ne bayan an dawo. Cikin sati biyu zuwa takwas gashin da aka dasa sai ya zube, haka abin yake, saiwar tana nan a ciki sai wajen wata na uku ko na huɗu sabo yake fara tsirowa, cikar sa kuwa sai an kai shekara. Likita ya gaya musu fa, amma wallahi ji daban gani daban. Mutum ya kashe miliyoyi ya tashi da safe ya ga gashi a kan filo, sai ya zo min ido jawur yana cewa "Oga duba min tsakani da Allah, ba cuta ta aka yi ba?" Wani ya daina zuwa ɗaurin aure, wani kullum sai ya ɗauki kansa hoto ta sama yana gwadawa da na jiya. A watannin nan ba na sa kilifa a wajen, almakashi kawai a hankali, rabin aikin ma lallashi ne.

Wanda ya yi haƙuri kuwa za ka ga canji har a zamansa, mutumin da ko madubi ba ya so ya kalla yanzu shi ne mai cewa a fitar masa da layin goshi sosai. Amma akwai waɗanda gashin ya fito tsaf kuma hankali bai kwanta ba, kullum hagu ta fi dama cika, suna lissafin komawa zagaye na biyu, ni dai a ganina damuwar irin waɗannan ba a fatar kai take ba.

Mai shirin tafiya ina ce masa ya fara ganin likitan fata a nan, don fatarmu tana saurin yin tabo mai kumburi kuma gashinmu a lanƙwashe yake har cikin fata, ciro shi sai gwani. Sannan dashe ba ya hana sauran gashin ci gaba da zubewa, shi ya sa ake ɗora su a kan minoxidil, maganin rage zubewar gashi.

Kuɗin askinsu ban ƙara ba duk da suna cin lokaci. Sai dai Talata ko Laraba da safe nake ba su, lokacin shago ba kowa, don yawancinsu ba sa yarda su cire hula a gaban mutane.