Sha'ir, dawa da doguwar tafiya: abin da ya raba giyar Turai da wadda ake yi a Najeriya

Ni ba na shan giya, domin addinina ya haramta, amma na taso a Kaduna cikin unguwar da Musulmi da Kirista suke zaune ƙofa da ƙofa, kuma sana'ata ta hatsi ta sa na san inda buhunan dawa da yawa suke ƙarewa. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda ɗansa ya dawo daga Holan ya kawo masa gwangwanin Heineken guda biyu a matsayin tsaraba. Ya ajiye ɗaya kusa da babbar kwalbar da aka yi a nan, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce da ni, "Ɗana, suna ɗaya, tambari ɗaya, amma mutane sun rantse ba abu ɗaya ba ne." Na ce, "Baba, baki dai naka ne, amma abin da ke cikinsu zan iya bincikawa." Wannan rubutu shi ne sakamakon alkawarin.

Irin giyar da ake kira laga, wadda Heineken take cikinta, ana barinta ta nuna ne a hankali cikin sanyi, kuma asalin sunan kalmar Jamusanci ce mai nufin ajiyewa. Wadda ta fi yaɗuwa a duniya, mai launin ruwan zinariya, an fara yin ta ne a garin Filsen na ƙasar Cek a 1842. Kayan haɗinta a Turai ba su da yawa: ruwa, tsiron sha'ir, yisti, da furen hops mai ba ta ɗaci da ƙanshi. Idan kamfanin Turai ya ba da lasisi a yi giyarsa a wata ƙasa, abin da yake bayarwa shi ne suna, tsarin haɗi da kuma yistinsa. Heineken, alal misali, tana aiki da wani yisti da aka ware tun 1886, kuma kamfanin yana cewa da shi ake yi a kowace masana'anta. Ruwa kuwa na gida ne, sai dai ana tace shi a daidaita gishirin da ke cikinsa, saboda haka ruwan ba shi ne babban dalilin bambanci ba, ko da yake shi mutane suka fi ɗora wa laifi.

Inda tarihin Najeriya ya sha bamban shi ne wajen hatsi. An kafa kamfanin giya na Nigerian Breweries a 1946, kwalbar farko ta giyarsa mai suna Star ta fito a Legas a 1949, aka buɗe masana'antar Kaduna a 1963, kuma duk tsawon lokacin nan da tsiron sha'ir na ƙasashen waje ake aiki, tunda sha'ir ba amfanin gonarmu ba ne. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da shi saboda ƙarancin kuɗin waje, dole kamfanoni suka koma ga dawa da masara. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sitacin dawa yana buƙatar zafi fiye da na sha'ir kafin ya narke, tsironta ba shi da isasshen sinadarin da ke mayar da sitaci sukari, kuma ba ta da ɓawo irin na sha'ir wanda ake tace ruwan da shi, don haka sai da aka canza injuna aka kuma ƙara sinadarai daga waje. Irin dawa na SK5912, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya ta fitar, ya samu karɓuwa sosai a wajen masu yin tsiro. Daga baya an ɗage haramcin, amma dawa ba ta fita ba, domin ta fi araha kuma bakin masu sha ya riga ya saba. Masu yin burukutu sun san sirrin tsiron dawa tun kaka da kakanni, sai ga shi manyan masana'antu sun zo suna koyon abin da matan karkara suka daɗe da ƙwarewa a kai.

Saboda haka dole a raba abu biyu. Akwai giyar da aka ƙirƙira don kasuwar nan, ko aka sauya haɗinta da dawa, wadda ba ta taɓa zama irin ta Turai ba. Guinness da ake yi a Ikeja tun farkon shekarun 1960 misali ce, ko da yake ita baƙar giya ce ba laga ba: ƙarfinta kashi 7.5 cikin ɗari ne, akwai dawa a cikinta, kuma har Ingila ake kai ta ana sayarwa da sunan ta Najeriya. Akwai kuma wadda sharaɗin lasisinta shi ne a bi haɗin uwar kamfani, kamar Heineken mai ƙarfin kashi 5, wadda ake cewa tsiron sha'ir zalla ne a ko'ina.

A irin wannan ta biyun, ni a ganina hanya ce take kawo bambanci, kuma yawanci ta waje ce take cutuwa. Laga ba ta ƙara kyau da daɗewa. Wadda aka ɗauko daga Turai tana yin makonni cikin kwantena a kan teku, ta yi jira a tashar jirgin ruwa cikin zafi, kuma zafi yana hanzarta tsufanta har ta koma ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Koriyar kwalba kuma ba ta tare haske kamar kwalba mai launin ruwan ƙasa, kuma idan rana ta bugi sinadarin hops sai ya fitar da wani ɗoyi cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Abin da ke damuna shi ne, mutane da yawa sun ɗauki wannan warin na lalacewa a matsayin shaidar cewa kaya na waje ne, suna biyan kuɗi mai yawa a kansa. Ga shi kuma giyar kwalba da ta gwangwani sun daɗe cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su Najeriya, don haka mai sayen "ta waje" yana da dalilin tambayar ta inda ta biyo da kuma tsawon zamanta.

Ta gida ma ba ta tsira ba idan ta faɗa hannun mai sakaci. Na sha wuce wani shago inda ake jibge akwatunan koren kwalabe a waje tun hantsi har la'asar, a tsakiyar bazara, sannan da yamma a zuba su cikin firiji. Da na gaya wa Baba haka sai ya yi shiru, ya ce a can yake saye shekara da shekaru. Gwangwanin da ɗansa ya kawo kuwa ta jirgin sama ya zo, kwana biyu kacal a hanya, kuma gwangwani ba ya barin haske ya shiga ko kaɗan.